Neman Mai Juya Mana Taya

Ranar da aka kawo motar, abu na farko da maigidana ya yi shi ne ya sa aka buɗe masa bonet. Ya sunkuya ya zura hannu yana lalube, sai ya taɓo wani ɗan akwatin roba da babu komai a cikinsa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce da direban da ya ɗauko ta a bayan babbar mota daga Kano, "Ɗana, injin hwa?" Direban ya yi dariya ya ce ai ba ta da irin wanda ka sani, Baba. Malam bai yi dariya ba. Ya rufe bonet ɗin a hankali ya koma kan tabarmarsa.

Mutum ne da ya yi rayuwarsa a bayan sitiyari. Ya ja babbar mota yana saurayi, daga baya ya yi tuƙi a ma'aikata har ya ajiye aiki. Da kunne yake gane ciwon mota tun kafin ta shigo layinmu. Sai ciwon suga ya taɓa masa ido, ya koma ganin mutane kamar inuwa. A lokacin ne, da furfurata, ya koya mini tuƙi a filin makarantar da ke bayan gidanmu a Gusau. Ni ke riƙe da sitiyari, shi yana gefe yana sauraren inji yana cewa sa giya, saki totur, kin cika hanzari. Haka muka yi ta lallaɓa tsohuwar motarsa har ta gaji, man fetur kuma ya yi tsadar da kowa ya sani.

Babban ɗanmu ne ya aiko da sabuwar, mai aiki da lantarki. Yana aiki a kan ruwa can kudu, inda sai ya yi makonni ba a samunsa a waya. Dama ya sa mana sola a gida, don haka ya ce mu riƙa cajin motar da rana kamar yadda muke cajin waya. Ni dai ta yi mini daɗin tuƙi, babu canjin giya, babu ƙara. Abin da ya dame ni shirun Malam ne. Zai zauna a gefena tun daga gida har kasuwa bai ce uffan ba, don babu abin da zai saurara balle ya gyara mini.

Mun kusa shekara da ita, damina ta kankama, sai yaron ya kira. Ɗan fari ne, ba na doguwar magana da shi, ina amsa gaisuwarsa na miƙa wa ubansa wayar. Amma muryar a buɗe take, ina ji.

Ya ce, "Baba, lokacin juya tayoyin nan ya yi. Motar tana da nauyi saboda batir, tana cin taya fiye da wadda kuka saba. A samu wanda ya iya. Amma don Allah a kula da inda za a sa jak, batirin a shimfiɗe yake a ƙarƙashinta gaba ɗaya, in aka danne shi..."

Sai layin ya yanke. Muka yi ta kira, a kashe.

Na ce, "Malam, juya taya kuma kamar yaya? Ba kullum juyawa suke yi ba?"

Ya ce, "Ba wannan ba. Sauya musu wuri yake nuhi. Na gaba su koma baya, na baya su zo gaba, don kada wasu su riga wasu cinyewa."

"To ai da sauƙi."

"Da sauƙi in an san wadda ka jan motar. In gaba ka ja, da yadda aka yi. In baya ka ja, da yadda aka yi, wasu ma sai an gitta su, ta dama ta koma hagu. Wagga mota, mi ka janta?"

Ni yake tambaya. Na ce ni dai in na taka tana tafiya. Ya yi tsaki, ba da ni ba, da abin gaba ɗaya. Ya ce su a zamaninsu sabuwar taya ake sa wa gaba, tsohuwa baya, in ta mutu a jefar. Sannan ya tambaye ni in aka danne batirin me zai faru, kamar ni na ƙarasa jin maganar. Tun daga ranar wannan guntuwar magana ta zauna mana a gida. In aka danne shi, sai me? Ya fashe? Ya kama da wuta? Ko dai lalacewa kawai zai yi?

Wurin farko ba mu ma yi shawara ba. Malam yana da aboki mai faci kusa da tasha, tun suna samari suke tare, duk tayar da ya taɓa hawa ta bi ta hannun mutumin. Da muka isa ya taso da murna, ya kama hannun Malam ya zaunar da shi a benci, ya ce da ni, "Hajiya, sannu da ƙoƙari, ke ce direba yanzu." Malam ya ce juya taya muka zo. Ya ce an gama. Ya ɗauko ƙarfen ɓare taya ya fara bayanin yadda zai cire kowace daga jikin ƙarfenta, ya mai da fuskar waje ciki, ta ciki waje.

Na dubi Malam. Na ce, "Ba haka ka ce ba."

Malam ya ce, "A'a, ba hakanan ba. Wuri za ka sauya musu."

"Kai kac ce juyawa. Wannan shi ne juyawa."

Suka ɗan ja, har ni ma na fara tunanin ko abokin ne da gaskiya, don abin da ya faɗa ya fi kama da juyawa. Daga ƙarshe ya ce to ya ji, ya jawo jak ya durƙusa ya leƙa ƙasan motar. Ya jima yana leƙe. Da ya miƙe fuskarsa ta canza. Ya ce ƙasan a shafe yake sumul kamar faranti, babu ƙarfe ko ɗaya da ya gane, ga kuma wata waya mai kauri ruwan goro da ta bi ta gefe. Wani mai shayi da ke kusa ya sa baki ya ce ya ji labarin wutar irinta ta ja wani bakanike a Legas. Wani kuma ya ce ƙarya ne, sai in an jiƙa ta. Mutane suka fara taruwa.

Abokin ya goge hannunsa ya ce, "Alhaji, tsakanina da kai ba ƙarya. Ban taɓa ba, kuma ba ni son in fara da motar ɗanka."

Malam ya ce ba komai. Amma a hanyar gida ya ce, kamar da kansa yake, "Shekara nawa." Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya duk wanda ya shigo gidan sai ya ba da shawara. Matan da ke zuwa sayen atamfa a wurina ma sun sa baki. Wata ta ce a kai Kano, can aka sayo ta. Malam ya ce cajin ba zai kai mu ba, kuma ina za mu tsaya a hanya mu roƙi wuta? Wata ta ce a bar tayoyin su cinye a sayi wasu, mene ne na wahala. Wannan ya kwanta mini, amma Malam ya ce yaro ya ce a yi, kuma in ya kira ya tambaya me za a ce masa. Ni kuma duk fitar da zan yi sai na zagaya motar ina kallon tayoyin. Duka huɗun baƙaƙe ne, zanensu iri ɗaya, ban ga wadda ta fi wata gajiya ba.

Sai ƙanena da ke zaune a Tsafe ya kira ya ce, "Yaya, ku zo nan. An buɗe wani sabon wuri bakin titi, suna da injin da ke ɗaga mota sama gaba ɗaya, ba ruwansu da jak." Na ji sanyi a raina. In babu jak, ai maganar danne batir ta ƙare. Malam ya ce injin ma ai da wani abu yake tallabar motar, ba da iska ba. Duk da haka muka shirya.

Hanyar Tsafe ba a binta da sassafe can, ba a kuma barin yamma ta yi, saboda rashin tsaro. Muka jira rana ta ɗaga, motoci suka yawaita, muka bi ayari. Ido ɗaya a titi, ido ɗaya a kan lambar da ke nuna sauran caji, wadda take raguwa yadda ta ga dama, wani lokaci a hankali, wani lokaci ta zabge da yawa don na hau ɗan tudu.

Wurin yana da kyau, an shafe shi da fenti, ga injin a tsaye da hannuwa huɗu na ƙarfe. Mai wurin matashi ne mai fara'a. Tun kafin in kashe motar ya fito da waya yana ɗaukarta hoto ta kowane gefe. Ya ce irinta ya yi ba adadi. Ƙanena yana ta murmushi yana kallona.

Malam ya ce, "Madalla. To gaba ka janta ko baya?"

Ya ce, "Gaba, Baba." Ya ɗan leƙa. "Ko da yake wannan samfurin baya ne." Ya sake leƙawa. "Wasu dai duka huɗun ne."

"Wagga hwa?"

"Za mu gani in mun ɗaga."

Ya sa na shigar da ita tsakanin ƙarafan, ya fara tura hannuwan injin ƙarƙashinta. Na tsuguna duk da ciwon gwiwata na duba, sai na ga hannuwan sun nufi tsakiyar farantin nan sumul. Na ce, "Ɗana, nan ba batirin ba ne?" Ya ce a'a, batir yana baya. Na ce ɗana ya ce a shimfiɗe yake gaba ɗaya. Ya ce to bari ya duba a waya. Ya duba, ya nuna mini wani bidiyo na wata mota ja wadda ba irin tamu ba, wani mutum yana magana da harshen da babu wanda ya ji a cikinmu. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Ya ce a ba shi ɗan lokaci a nemo mai a tayar da janareta.

Ban san ko haushi na ji ko daɗi ba. Malam ya miƙe ya ce azahar ta gabato, hanya gare mu. Ƙanena ya biyo mu har mota yana cewa, "Yaya, wallahi yaron ya iya aiki, ku ɗan jira," na ga kunya ta kama shi, na ce ba komai, wani jiƙon. Ko abincin da matarsa ta dafa mana ba mu tsaya ci ba, sai a kula aka sa mana a but.

A hanyar dawowa muka yi faɗa, irin na tsofaffi, ƙasa-ƙasa. Na ce da mun jira wataƙila da yanzu an gama. Ya ce da mun jira wataƙila da yanzu babu motar. Na ce shi ba ya yarda da kowa. Ya ce ni ce na fara tsugunawa. Gaskiya ne, ni ce. Na rasa ma wane ɓangare nake karewa. Muka shiga Gusau lambar cajin ta koma ja.

Daga nan muka daina maganar. Ba mu yanke za a yi ba, ba mu yanke an fasa ba.

Ana nan sai ɗiyar ƙanwar Malam ta haihu a Furfuri, muka shirya zuwa suna. Mun makara da fita don na tsaya sallamar masu sayayya, sai bayan azahar muka kama hanyar Bungudu. Gero ya yi tsawo a gonaki, hadari yana haɗuwa ta gabas. Muna shiga garin Malam ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya. Tayar baya ta dama."

Na ce ban ji komai ba. Ya ce shi ya ji. Na gangara gefe na fita, ga ta kuwa ta kwanta, da ƙusa a jikinta. Na buɗe but in ɗauko safaya, na ɗaga shimfiɗar, babu taya. Sai wata 'yar kwalba da ɗan famfo mai waya. Na tsaya riƙe da kwalbar ina juya ta. Shekara guda muna yawo ba safaya, ba mu sani ba.

Allah ya taimaka akwai mai faci a ɗan gaba, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, da rumfar kwano da tayoyin babur a rataye. Dattijo ne siriri, ya ce yawanci babura da amalanke yake yi, sai tarakta in damina ta yi. Ya zo da jak ɗinsa, ya leƙa ƙasa, ya ɗago ya dube mu. Na san kallon, na gan shi a Gusau.

Ya ce, "Alhaji, ina za ni sa shi?"

Malam ya cire babbar rigarsa ya miƙo mini, ya ce a ba shi buhu. Aka shimfiɗa masa, ya kwanta a ƙasa a gefen motar, mutumin da sai na riƙe masa hannu yake tsallake kwata. Na ce, "Malam, wayar nan fa." Ya ce ba can za shi ba. Ya sa yatsunsa a bakin ƙarfen da ke ƙasan ƙofa yana bi a hankali, daga gaba zuwa baya, idonsa a rufe. Kusa da tayar ya tsaya, ya koma, ya sake tsayawa.

Ya ce, "Ga wani ɗan tsagi nan. Ga wani kusa da shi. Tsakaninsu ƙarhen ya hi kauri. Mai faci, kawo hannunka."

Mai facin ya durƙusa ya taɓa. Ya ce shi ma ya ji. Malam ya ce kowace mota da ya sani tana da irin wannan wurin, bai ga dalilin da wannan za ta rasa ba, amma fa bai rantse ba. Suka sa jak a nan. Mai facin yana ɗagawa, ni ina ja da baya ina salati, ina jiran ƙara ko hayaƙi ko abin da ban sani ba. Motar ta ɗaga, shiru. Babu abin da ya faru.

Da aka ciro tayar aka liƙe ta, Malam yana zaune a kan buhun, ƙasa a gemunsa, ya ce tunda an fara a ƙarasa. A juya su duka yau. Na ce sunan fa? Ya ce jaririya ba ta zuwa ko'ina. Mai facin ya ce jak ɗaya gare shi, amma akwai kututture. Haka Malam ya bi kusurwa huɗun nan da yatsa yana nemo tsagin, ana ɗagawa ana tokarewa da icce, har motar ta tsaya ba taya ko ɗaya, kowace taya a kwance kusa da inda aka ciro ta. Sai gardama ta dawo, a gitta ko kada a gitta. Mai facin ya ce shi bai san ana gittawa ba. Malam ya ce ana yi, sai dai bai san ko wannan tana so ba. Ana cikin haka aka kira la'asar.

Suka tafi masallaci. Ni kuma wata mata da ke gidan bayan rumfar ta shigar da ni na yi tawa sallar, ta ba ni ruwa, muka ɗan taɓa hira. Ina ciki na ji kukan shanu da sandar makiyaya, sannan yayyafi ya sauko.

Da na fito, tayoyin nan huɗu suna cikin rumfa, an ɗora su ɗaya kan ɗaya, tsaf. Wani tsoho mai sayar da rake ne ya yi. Ya ce garke ne ya zo wucewa, ya ga za su tattake mana kaya, ga ruwa kuma, shi ne ya kwashe. Yana faɗa yana jiran godiya. Na yi masa godiya.

Malam ya dawo aka gaya masa. Ya tambayi tsohon wadda ya fara ɗauka. Tsohon ya ce ta kusa da shi. Kusa da shi ta ina? Ya ce ai zagayawa ya yi ta yi. Guda ɗaya kawai muka gane, mai facin, don ga alamar liƙin. Sauran ukun Malam ya bi su da babban yatsa yana auna zurfin zanen, ya ce wannan ta gaba ce. Mai facin ya taɓa ya ce shi a ganinsa waccan ce. Suka sauya, kowa ya koma kan ta ɗan'uwansa. Ruwa yana ƙaruwa, motar ɗana tana tsaye a kan itace a bakin titi, masu babur suna rage gudu suna kallo.

Malam ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Hajiya, ke ka tuƙa ta. Mi kinka gani?"

Ban ga komai ba. Amma na gaji, zanena ya jiƙe. Na sa hannu na mirgino mai liƙin na ce wannan gaba ta dama. Na nuna ta saman na ce baya. Na nuna sauran biyun na raba musu wuri yadda hannuna ya faɗa. Ba wanda ya yi musu. Mai facin ya ɗaura, Malam ya bi kowane noti da sifana ya ƙara ɗaurewa da kansa, aka sauke ta, aka cire itacen.

Har yau ban san ko ukun nan duk sun sauya wuri ba ko wasu gidansu suka koma. Ban san ko mun gitta ba. Motar dai tana tafiya, ba ta ja gefe, sitiyarin ba ya rawa.

Mun isa Furfuri an riga an watse, an kwashe tabarmin waje saboda ruwa. Ƙanwar Malam ta fito tana faɗa tana dariya, ta ce tun safe take ajiye mana nama tana korar yara. Ta ja ni ɗakin mai jego. Na miƙa hannu zan karɓi jaririyar, mai jegon ta dubi tafina ta ce, "Inna, mi ya samu hannunki?" Baƙi ƙirin yake, har ƙarƙashin farce. Aka kawo mini ruwan ɗumi da sabulu a kwano, na wanke, bai fita duka ba. Suka naɗe yarinyar da zane biyu suka ɗora mini ita a cinya. Daga zaure ina jiyo muryar Malam sama da ta kowa, yana gaya wa maza yadda ake nemo wurin sa jak, wani yana cewa ya sake faɗi bai gane ba.